Shafin Ginshiƙi

Ina kan tsani ina rubuta allon shagon wani mai gyaran waya aka kira ni. Ɗan marigayi Maigida ne, mai kamfanin da ya buga mujallarmu a da. Rabona da shi tun yana yawo da gajeren wando yana sace mana fensir, shi ya sa har yau Ƙarami nake ce masa, ko da yake yanzu ya tara tumbi da ma'aikata. Ya ce zai dawo da 'Yan Jibi, in zo ofis mu yi magana. Na ce to. Na ƙarasa harafin da nake kai, ya fito a karkace kamar 'yan'uwansa. Shekara huɗu ke nan hannuna yana rawa, amma masu shago ba sa lura, ko kuma furfurata suke jin kunya.

Ga wanda bai riske ta ba, 'Yan Jibi mujallar zane ce da ke fitowa duk wata. Labarin wasu yara huɗu ne marayu, a wani birni da ke rataye a sama, a zamanin da muka ɗauka ba za mu taɓa gani ba. Akwai Tsit, mai haɗiye kowace irin ƙara. Akwai Kunne, wanda ke jin maganar da za a yi gobe. Akwai Auta, wanda har muka daina buga mujallar ba wanda ya san baiwarsa. Babbarsu kuma Ginshiƙi, 'yar shekara goma sha biyar, ba abin da ya fi ƙarfin ta ɗauka. Ni nake zanawa, Yayata ke rubuta labarin. A ofishin da take aikin buga takardu take rubuta shi, a bayan takardun da suka lalace, lokacin da sauran ma'aikata suka fita cin abinci.

Fitowa ta ɗari da goma sha biyu ita ce ta ƙarshe, kuma ba mu san ta ƙarshe ba ce. A cikinta rufin babbar tashar birnin ya tsage. Ginshiƙi ta shiga ƙarƙashi ta tare shi da hannu biyu, jama'a suka yi ta ficewa, abokanta uku suka fita da su. A gidan zane na ƙarshe gwiwoyinta sun lanƙwashe, gumi na zuba, tana cewa su yi sauri. Kafin wata ya zagayo kamfanin ya rufe. Shekara ashirin da bakwai ke nan yarinyar nan tana riƙe da rufi, kuma ni na sa ta a wurin da hannuna. Mutum ya yi mini dariya in ya ga dama, amma abin yana damuna ƙwarai. Sau da yawa ina cikin fenti sai in ji kafaɗuna sun yi nauyi saboda ita.

Ofishin Ƙarami yana hawa na uku, gwiwata ta ƙirga matakalar ɗaya bayan ɗaya. Ɗaki ne dogo mai sanyi, ba warin tawada, ba ɓarɓashin fensir a ƙasa. Mutum shida sun sunkuya kan allunan gilashi suna zane da alƙalamin da ba ya ƙarewa. Suka miƙe suka gaishe ni da ladabi irin na gaida mara lafiya. Ƙarami ya zaunar da ni, ya sa aka kawo shayi, ya ce sabon zubi za a yi. Wato a share duk abin da ya faru, a faro daga fitowa ta ɗaya, da sababbin fuskoki da sababbin kaya. Ni abin da ake so a wurina shi ne in sa albarka, a ɗauke ni hoto, a rubuta sunana a shafin farko.

Ya juyo mini da allo ya nuna mini su. Yaran sun yi kyau har sun wuce misali. Tufafinsu na ƙyalli, ba faci ko ɗaya, ga shi kowannensu an ba shi iyaye. Uban Tsit ma shi ke mulkin birnin. Ginshiƙi an rage mata kafaɗa, an ƙara mata gashi. A saman bangon kuma an rubuta 'Yan Gata da manyan haruffa.

"Wannan kuma fa?"

"Baba, ai jibi ta wuce," in ji shi. "Shekarar da kuka sa a labarin tun bara muka bar ta a baya, ko keke bai tashi sama ba. Shi ne muka matsa gaba da kwana ɗaya. Gobe, jibi, gata."

Na ce masa a baki kwana ne, amma a rubuce duk wanda ya gani shagwaɓaɓɓu zai karanta, 'ya'yan da ake hura wa shayi. Ya dubi ma'aikatansa, su ma suka dubi juna. Mutum bakwai sun yi wata uku da sunan nan ba wanda ya karanta shi da ɗaya ma'anar. Sai wata mai saka launi ta ce ai hakan ma ya fi, tunda yanzu suna da iyaye. Ƙarami ya saki fuska, ya ce ka ji, abin ya zo daidai. Ban ja ba. Ƙarfin jayayya ya daɗe da ƙare mini, kuma ba don suna na hau matakalar nan ba.

Na ce zan sa albarka, zan tsaya a ɗauki hoton, in ana so ma in yi murmushi. Abu ɗaya nake roƙo, a ba ni shafi ɗaya a bayan fitowa ta farko in fitar da Ginshiƙi daga ƙarƙashin rufin nan. Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai lallashin yaro, cewa a sabon zubi rufin bai taɓa tsagewa ba, ba ma tashar gaba ɗaya. Na ce a wurinsa ne bai tsage ba. Ya dubi hannuna da ke kaɗa kofin shayi a kan faranti, ya kawar da kai. Daga ƙarshe ya ce shafi ɗaya, bayan tallar sabulu, in kawo nan da kwana goma. Tausayi ne ya sa ya yarda, na sani, na kuma karɓa a haka.

Kwana shida na yi a teburina na gida, tsakanin gwangwanayen fenti da kejin tsuntsun matata. Rawar hannu ba ita ce matsalar ba. Na gano in na danne wuyan hannun dama da na hagu, layi yana fitowa, ko da a hankali ne. Matsalar ita ce ban san yadda za ta fita ba. Na ƙara mata ƙarfi ta wurgar da rufin, na ga ƙarya ce, da tana iyawa da tuni ta yi. Na kawo wata na'ura daga sama, na ga raini ne. Na sa ƙasa ta buɗe ta faɗa ciki. Duk na yayyage. Shekara ashirin da bakwai ina cewa shafi kawai na rasa, ashe labarin ne ba ni da shi. Ni tun asali hannu ne kawai, kan yana wurin Yaya.

Rana ta bakwai da hantsi na tafi gidanta. Yaya ta haura saba'in. Tana da shekara goma sha biyar iyayenmu suka rasu a wata ɗaya, ta riƙe mu uku, ta yi mana makaranta, ta aurar da mu. Ita ba ta yi aure ba sai da ta kai arba'in, mijin kuma bai daɗe ba. Na same ta a tsakar gida kan 'yar kujera tana wanke kayan makarantar jikokin ƙanwarmu, waɗanda aka kawo hutun mako biyu shekara uku da suka wuce. A ɗakin waje Autanmu yana kwance da rediyo a kunne. Shekararsa hamsin da takwas, shi ma har yau ba a gano baiwarsa ba.

Na gaishe ta, ta amsa hannunta na cikin kumfa. Na ba ta labarin sabon zubi da sabon suna. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce sunan bai yi ƙarya ba, ai tun asali ukun nan 'yan gata ne, ɗaya ce kawai a cikinsu ba ta da shi. Ban tsaya na auna maganar ba, don abin da ya kawo ni ne a raina. Na ce mata an ba ni shafi ɗaya, saura kwana uku, ta faɗa mini yadda ta shirya fitar da Ginshiƙi a fitowa ta ɗari da goma sha uku.

Ta matse wata riga ta jefa a bokiti.

"Malam Zane, ban shirya komai ba."

"Haba Yaya. Ke da kike sanin ƙarshen labari tun kafin ki fara."

"Wannan ban sani ba. Ran da na rubuta shi na gaji ne, sai na rubuta abin da na sani." Ta janyo wani wando. "Kai ma ga shi ka zo da naka ka ɗora mini."

Na ji zafin maganar, na ce ni taimako na zo nema, ba kaya na kawo ba. Na lissafa mata duk hanyoyin da na gwada, ƙarin ƙarfi, na'ura, ramin ƙasa. Ta saurara tana cuɗa wuyan riga. Da na gama ta ɗago ta dube ni, idonta ɗaya ya fara yin fari, ban ma san yaushe ya fara ba.

"Duk ita kake nema wa dabara. Su ukun da suka fita, ƙofar rufewa ta yi a bayansu?"

Rediyon Auta yana ta surutu a ɗakin waje. Na zauna kamar minti biyar ina kallon hannuwanta, sun kumbura a gaɓoɓi, zoben da ke yatsarta ya nutse cikin nama. Na tuna sau nawa na zo gidan nan a shekarun nan, kuma ban iya tuna zuwa ɗaya da na yi ba tare da wata buƙata ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ba a faɗa wa kowa. Na ce bari in ɗauraye mata sauran. Ta ce in bari, zan jiƙa rigata, kuma ban iya ba. Gaskiyarta ce, ban iya ba. Na dai ɗauki bokitin na kai bakin igiya, na shanya mata a karkace.

Kwana biyu na yi ina zana shafin, gida shida. Ban mayar da yaran yara ba, don ba zan yi wa kaina ƙarya ba. A gida na farko ga ƙofar tasha daga ciki, haske na shigowa. A na biyu mutum uku sun tsaya a bakinta. Tsit ya yi sanƙo, Kunne ya sa tabarau yana dogara sanda, Auta ya yi tumbi, rigar jarumtarsa ta ƙi rufe cibiya. A na uku da na huɗu sun shigo suna tsallake ɓaraguzai, sun sa kafaɗa a ƙarƙashin rufin, fuskokinsu sun yamutse tun kafin nauyin ya gama sauka a kansu. A na biyar hannuwan Ginshiƙi ne kawai, sun rabu da ƙarfen rufin da tazarar yatsa ɗaya, amma sun ƙi saukowa, sun sandare a sama. Na shida fuskarta ce. Ita ma na ba ta shekarunta. Layukan duk sun yi rawa, sai dai a fuskar tsofaffi rawar ba ta ɓata komai ba.

Na zana da'irar magana a gefen bakinta na bar ta fara fat. Ban taɓa sa wa yaran nan kalma a baki ba, ba kuma zan fara da tsufana ba.

Ranar da zan kai wa Ƙarami na biya ta gidan Yaya da safe. Tana kicin, ta ɗora ruwan wankan yara. Na shimfiɗa takardar a kan tebur, na danne gefenta da gwangwanin sukari, na ajiye alƙalami kusa. Ta goge hannu a zani, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta daɗe a kan tumbin Auta. Ta fi daɗewa a kan hannuwan da suka ƙi sauka. Ni ina tsaye ina jira ta rubuta sannunku, ko na gode, ko na san za ku dawo. Na ma bar wurin da faɗi don maganar ta samu sarari.

Ta ɗauki alƙalamin ta rubuta kalma biyu a tsakiyar da'irar, da rubutunta ƙanana na ma'aikaciyar ofis.

Sai yanzu?

Ta miƙo mini takardar, ta ce in yi sauri kada in makara, ta juya ta sauke tukunyar ruwan da kanta.