Abin da Ya Rage wa Baba Koku

Sau uku Akuvi, akawun gidan burodi, tana danna na'urar lissafi, sau uku amsar tana fitowa iri ɗaya. Motar rabon burodin, sefa miliyan goma sha biyu aka saye ta. Shekara biyar tana zaga Lome, kowace shekara Akuvi na zabge miliyan biyu na tsufa, darajarta a littafi ta koma miliyan biyu. Daidai abin da dillali ya yi alkawarin ragewa a kuɗin sabuwar mota ke nan idan ya karɓi tsohuwar. Da an tashi ba kare bin damo, ba don bakin Baba Koku ba.

Shekara goma sha tara Baba Koku yana tuƙi a gidan burodin nan, kuma wannan motar ya fi ƙauna. Da dillali ya zo dubawa jiya, ya leƙa agogon tafiya ya ce, "Kilomita dubu ɗari da tamanin? Ba laifi."

"Wane ɗari da tamanin!" in ji Koku, yana shafa ƙofarta. "Agogon ya mutu tun bara waccan. Yarinyar nan ta haura dubu ɗari uku, ko sau ɗaya ba ta kwana da ni a hanya ba!"

Yabo ya yi niyya, bawan Allah. Dillali ya yi murmushi, ya soke miliyan biyu, ya rubuta miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

Madam Massan, mai gidan burodin, ta shigo ofis ko gaisuwa babu.

"Nawa?"

"Asarar dubu ɗari takwas ce, Madam."

"Kuɗin sallamar tsohon fa, in ya bar aiki?"

Akuvi ta duba littafi. "Dubu ɗari takwas da talatin."

"To, kin ga Allah ya kawo sauƙi. Cire wannan daga wancan."

"Madam, asarar kamfani ce. Doka ma ba ta..."

"Ya kai ni ƙara mana, in yana da kuɗin lauya. Shi ma ai ya gama tsufa a littafina. Ɗan ƙanwata zai ja sabuwar." Ta juya a bakin ƙofa. "Ke kuma masu takarda irin taki sun cika gari."

Akuvi ta tsani matar nan, ta kuma tsani hannunta da ya riga ya ɗauki biro. Koku ne ya kai ta asibiti a cikin wannan motar ranar da naƙuda ta kama ta, tana kwance tsakanin kwandunan burodi. Amma 'ya'yanta biyu ne, kuma mijinta ba ya aiki. Ta rubuta takardar sallamar Koku, ta ƙirga dubu talatin ta sa a ambulan.

Da azahar Baba Koku ya shigo, kayansa sun sha guga, har da turare.

"'Yata, sarauniyar lissafi! An ce amarya ta iso. Ina makulli?"

Ta kasa haɗa ido da shi. Ta tura masa ambulan, takardar tana naɗe a ƙarƙashin kuɗin. Ya buɗe, ya lashi yatsa, ya ƙirga.

"Na mai ne? Ai ya yi yawa, 'yata. Sabuwa ba ta sha kamar tsohuwa." Ya cusa a aljihu yana dariya. "Bari in dawo, zan kawo miki canji."