Sarautar Dogo

A shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, Dogo ya fid da rai daga ruwa. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa su a tabkin Kainji, daga tungarsu ta ƙasar Ngaski har can wajen Shanga, kuma ya ga zamanin da maza uku ke kama giwan ruwa ɗaya su kasa ɗaga shi. Yanzu kuwa masu babban tarun ja da ake kira dala sun cika tabkin, tarunsu mai ƙananan idanu yana kwashe uwa da 'ya'ya. Sai ya wuni a kan ruwa ya dawo da 'yan karfasa da ba su kai tafin hannu ba. Matarsa Mairo takan leƙa kwandon, ba ta cewa uffan, ta jera su a kan banda ta hura wuta kamar kifin kirki aka kawo mata. Shirun nan nata ya fi faɗa ci masa rai.

Wata ranar kasuwar Yelwa ya shiga shagon Alhaji Ibrahim, ejan mai yi wa mutane takardun tafiya Saudiyya. Labari ya bazu a bakin ruwa cewa wani Balarabe mai jiragen kamun kifi a Jizan yana neman masunta takwas.

Alhaji ya ajiye masa takardu biyu a kan tebur, ya danne kowace da yatsa.

"Biza iri biyu ta, Malam Dogo. Wagga ta umra. Mai sauƙi ta, sati biyu ta hito. In ka gama ibada sai ka sulale cikin gari, ka zama ɗan takari, ka nemi aikin da ka samu. Amma kwananta na cika, kai da askar, 'yan sandansu, sai 'yar tsere. Wagga kuwa ta aiki. Shekara biyu, da ubangida, da igama, takardar izinin zama, cikin aljihunka. Ka yi tahiyarka da rana tsaka, babu mai ce maka tsaya. In ta ƙare ka dawo gida da akwati, ko ka sabunta. Sai dai tana da tsada, tana da jira."

Dogo bai iya karatun boko ba, amma ya daɗe yana kallon takardun. Ta umra ya riga ya san ta. Ita ce ta ɗauke wansa Bello shekara tara da suka wuce. Kaset biyu kawai Bello ya aiko. A na farko yana dariya, yana kwatanta girman Harami. A na biyu muryarsa ta dushe, yana cewa a kan rufin wani gida yake kwana, tari ya dame shi, amma ba ya iya zuwa asibiti don ba shi da takarda. Daga nan shiru. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi.

Da ya koma gida ya sami mahaifiyarsa, Inna Hansatu, a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idanunta sun yi hazo. Ya tsuguna ya faɗa mata komai. Ta ajiye ƙwaryar ta juyo wajensa.

"Wadda yayanka ya bi ta?"

Ba ta kiran sunan Bello, ɗan fari ne.

"A'a, Inna. Wagga daban ta. Mai komowa ta."

"To ji nan, Dogo. In mai komowa ta, na sake ka. In waccan ta, mai laɓe-laɓe, ban yarda ba, ko da yunwa za ta kashe mu a gidanga. Ɗaya na ba su, ba ni ƙara musu."

Ya dafa ƙafarta ya yi mata alkawari.

Jirginsa na kamun kifi ya sayar. Ba shi da wani abin da zai kai kuɗin bizar aiki in ba shi ba. Mahaifinsa ne ya sa aka sassaƙa shi da maɗaci, shi kuma ya ɗaura masa inji a shekarun da kifi ke da albarka. Baƙo, maƙwabcinsa mai tarun dala, shi ya saya. Ranar da Baƙo ya zo ja, Dogo bai fita bakin ruwa ba. Daga tsakar gida ya ji an tayar da injin, ya gane shi da 'yar tarin nan da yake yi kafin ya kama.

Saura fasfo. A lokacin sabuwar jiha ba ta gama zama ba, sai an je Sakkwato. Alhaji Ibrahim ya dubi taguwar Dogo mai ƙarnin kifi, ya girgiza kai, ya ara masa babbar riga ta shadda da hula mai ɗinki.

"Kada ka je ka ba mu kunya ga hoto."

A Sakkwato, nesa kaɗan da ofishin fasfo, akwai masu tafireta a ƙarƙashin darbejiya suna cika wa mutane fom. Dogo ya tsaya gaban wani mai tabarau, wanda daga jin bakinsa ka san baƙo ne daga gabas, bai taɓa zama kusa da babban kogi ba. Ya tambayi suna, ya tambayi gari, yana bugawa ba ya ɗaga kai.

"Sana'a?"

A wajensu Dogo, masunci kowa ne. Bakambaren da ya jefa ƙugiya bayan ya tashi daga gona masunci ne. Amma wanda aka haifa cikin sarkanci, wato kamun kifi na gado, wanda kakanninsa suka san sunan kowane gurbi a kogin Kwara tun kafin a datse shi, ba ya kiran kansa haka. Don haka Dogo ya gyara tsayuwa ya ce, "Basarke."

Mai tabarau ya ɗaga kai a karon farko. Ya dubi tsawon mutumin, ya dubi shaddar, ya dubi hular.

"Gado ne, ko naɗi?"

"Gado na. Kaka da kakanni."

Nan take mutumin ya miƙe ya ba shi kujerarsa, yana ta "Allah ya ja zamaninka." Dogo ya zauna, yana cewa a ransa Sakkwatawa dai akwai ladabi. Aka buga fom, ya dangwala yatsa a inda aka nuna masa.

Bayan wata biyu Alhaji Ibrahim ya aika a kira shi. Fasfo takwas aka tura Legas, bakwai sun dawo da biza. Na Dogo yana gefe shi kaɗai, an ɗaure shi da roba tare da wata 'yar takarda.

"Malam Dogo, mi ka ce musu a Sakkwato?"

"Abin da anka tambaye ni."

"Sana'arka. Mi ka ce?"

"Basarke."

Alhaji ya kama kai. Ya so ya yi dariya, ya dubi fuskar Dogo, ya haɗiye ta.

"Basarake ya ji. Ga shi nan da Turanci, an rubuta kai mai riƙe da sarautar gargajiya na. Balarabe ya nemi mai jan taru, mu kuma mun tura mashi hakimi da babbar riga. Sun ce sana'ar da ke fasfo ba ta yi daidai da ta takardar aiki ba."

"To a goge mana. Harahi guda na."

"Ba allo ba na, da za a wanke. Sai an sake sabo. Kuma ƙarshen watanga Balaraben ke ruhe ƙofa."

Dogo bai zauna ba. Ya hau mota zuwa Birnin Kebbi, ya wuce Sakkwato, ya sake komowa Birnin Kebbi. Ko'ina an saurare shi, wasu ma har da ba shi wurin zama bayan sun buɗe fasfon. Gyara yana yiwuwa, in ji su, sai dai ana cikin raba takardun jihohin biyu, ya ba su wata uku. Ya je gindin darbejiya, mai tabarau ya tashi, an ce ya koma garinsu. Ko da ya same shi ma, me zai ce masa? Mutumin ya tambaya, shi ya amsa.

Kafin ya dawo Yelwa an ba wani mutumin Shanga gurbinsa. Abin da ya saura na kuɗin jirgin da ya sayar, bayan na mota da na takardun da suka riga suka tafi, ba zai sayi ko gindin kwalekwale ba.

Labari ya riga shi isa tunga. Da ya sauka bakin ruwa da safe, Baƙo na zaune a kan jirgin, an shafa masa shuɗin fenti har Dogo ya so ya kasa gane shi.

"A buɗe hanya! Ga Sarkin Jizan nan tahe!" in ji Baƙo, ya dunƙule hannu ya ɗaga. "Ranka shi daɗe, ina dogarai? Ko su ma ba a ba su biza ba?"

Masu gyaran taru suka kwashe da dariya. Dogo ya yi yaƙe.

Baƙo ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai ba ya da linzami. Da dariya ta lafa ya matso ya rage murya. "Wasa nike, ɗan'uwa. Zo ka kama muna igiya. Kai ka san ruwanga hiye da mu duka."

Kwana tara Dogo ya yi yana jan dala a jirgin ubansa. Yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, yana jawo tarun da ya daɗe yana tsine wa, yana kallon 'ya'yan giwan ruwa kamar yatsa suna tsalle cikin ƙananan kifin warangi. Da yamma a auna masa rabonsa a ƙaramar tasa. Sunan kuwa ya bi shi. Har mata masu sayen kifi sun koma ce masa Sarki, wasu ba su ma san dalili ba.

Rana ta goma kasuwar Yelwa ce. Ya shiga shagon Alhaji don ya mayar da babbar riga. Alhaji ya karɓa, ya nemi fasfon ya jujjuya shi a hannunsa, sannan ya mayar masa.

"Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Amma fasfonga naka, ga umra babu kamarsa. Wa zai zaci basarake zai sulale shi zama ɗan takari? Ko tambaya ba su yi maka. Abin da ya saura hannuna naka ya isa. In ka kai Jidda, Jizan mota ta. Wa ya sani, ko ka ji labarin Bello."

"Na yi ma Inna alkawari."

"Na sani."

Dogo ya tsaya a bakin ƙofa. Daga nan ana hango ruwa, fari fat da rana, jirage na shiga da fita. Ya tuna shekara biyu da igama a aljihu, da tafiya da rana tsaka. Ya tuna ƙaramar tasa. Ya juyo ya ajiye fasfon a kan tebur, a daidai inda takardar farko ta taɓa zama.

Sati biyu, kamar yadda aka ce, bizar umra ta fito.

Mairo kaɗai ya faɗa wa gaskiya, tana tsugune gaban banda. Hayaƙi na shiga idonta, ba ta kau da kai ba.

"Malam, kai ka ji kaset ɗin nan da kunnenka."

"Na ji."

"To in ta tambaye ni hwa?"

"Ba ta tambayarki. Ni za ta tambaya."

Ranar tafiya da hantsi ya je sallama. Inna Hansatu na gindin rumbu, ta ce ya ba ta takardar ta taɓa. Ya buɗe mata shafin, ya sa a hannunta. Ta kai shi dab da ido, ba ta ga komai ba sai duhun tawada, sai ta bi hatimin da babban yatsa a hankali, kamar mai neman ƙaya a jikin kifi.

"An ce sun ba ka sarauta," ta ce, tana ɗan murmushi. "Ubanka da na raye da ya sha dariya."

"An gyara, Inna."

"Wagga ta mai komowa?"

Mairo na bayansu tana juya kifi. Dogo ya ji hannunta ya tsaya.

"Ita ta, Inna."

"To madalla. Damina biyu ke nan. Wagga da ke tahe, da mai bi mata." Ta tofa addu'a a kan shafin, ta rufe, ta miƙa masa. "In ka ga yayanka, ka nuna mashi taka, shi ga yadda ake yi."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihu. Bai iya ɗaga ido ya dube ta ba, ko da yake ya san ba ta ganinsa.

A bakin ruwa Baƙo ya rantse shi zai kai shi Yelwa, ba ya karɓar ko sisi. Dogo ya shiga ya zauna a tsakiya, inda fasinja ke zama, da jakarsa a kan cinya. Injin ya yi 'yar tarinsa, sannan ya kama.