Sitatar Babur Ɗin Tela

Telan bakin layi mutum ne da ba ya yafe raini, ko da na wasa ne. Wata rana ya kai babur ɗinsa garejin mijin ƙanwarsa, wanda bakanike ne, don a sauya masa baƙin mai. Lafiya ƙalau ya kai shi, da sabuwar sitata, wato na'urar tayar da inji, da ba a daɗe da sa masa ba. Da ya karɓo shi, yana danna maɓallin tayarwa sai babur ya kwarma ihu kamar an jefa tsakuwa a injin niƙa.

Ya koma ya yi magana. Bakanike bai ko ɗago daga tayar da yake kwancewa ba.

"Yaya, kayan yanzu ne, ba su da ƙarko. Ka yi ta lallaɓa ta."

Ya lallaɓa, amma layi bai lallaɓa shi ba. Kullum da safe kaji sai su watse, jaririn maƙwabta ya tsala kuka. Mai wankin hula ya laƙaba masa Injin Niƙa, sunan kuwa ya bi shi har shago. Abin da ya fi ci masa rai ya faru a ƙofar asibiti, ranar da ya je duba mahaifiyarsa: mai gadi ya daka masa tsawa a gaban jama'a, ya sa shi ya tura babur har titi kamar ɓarawo.

Ana nan sai ruwan sama ya cinye layin su bakanike, ga shi zai yi tafiya da iyalinsa. Ya kawo nasa babur ɗin ajiya gidan tela. Bayan sun tafi, tela ya sunkuya zai gyara masa tsayuwa, idonsa ya faɗa kan sitatar. Akwai ɗan lotsawa a gefenta. Shi ya lotsa ta da kansa, ranar da ya sayo ta ta suɓuce daga teburin yanka ta bugi ƙafar keken ɗinki.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya kira matarsa ya nuna mata.

"Ka kira shi ka wanke shi tas," in ji ta.

"In na kira shi, haƙuri zai ba ni. Ni ba haƙurinsa nake so ba. Miƙo min kwano."

Bai taɓa kwance komai a jikin babur ba, amma wanda ya shekara yana warware cikin keken ɗinki ba ya tsoron noti. Ya aro sifana, ya jera baburan a tsakar gida, ya shimfiɗa tsohon buhu. Ya fara cire wayar batir, don ya taɓa ganin yadda take tartsatsi. Ya kwance wayar da ke kan sitata, sai notunan da suka riƙe ta. Na ƙasa ya ƙi motsi. Sifana ta zame, ya daki ƙarfe da bayan hannu, fata ta saluɓe. Ya tsotse jinin ya ci gaba. Matarsa na riƙe da kwano, duk notin da ya fito ta karɓa.

Da ya zaro tsohuwar daga nasa babur, ya ɗaga ta a rana. Haƙoranta sun cinye kamar bakin tsoho, ga tsatsa, ga giris ya daskare. Wannan daga kwandon shara aka tsinto masa ita. Ya kwanto tasa ta gaskiya daga babur ɗin bakanike, ya goge ta da ƙyallen atamfa, ya shafa wa robar bakinta mai, ya tura ta mazauninta har ta zauna daram. Ya mayar da wayoyi ya danna. Babur ya tashi a hankali, kazar da ke kusa ko kai ba ta ɗaga ba.

Ruɓaɓɓiyar kuwa ya ɗaura wa surukinsa, ya ɗaure ta tamau. Har ya tattara kaya sai ya tsaya yana kallon ƙarfen kiki, wanda ake takawa da ƙafa a tayar da babur.

"Da wannan zai riƙa tayarwa, ba wanda zai ji komai," ya ce. Ya kwance shi ya jefa ƙarƙashin gado.

Ranar da bakanike ya dawo, tela ya fito masa da babur har ƙofar gida, daidai lokacin da mazan layi ke zaune a inuwa. Bakanike ya yi godiya, ya hau, ya danna. Ƙarar ta tsaga layin. Mai wankin hula ya saki hular da ke hannunsa. Bakanike ya kai ƙafa neman kiki, ƙafar ta taki iska. Ya leƙa ƙasa, ya ga abin da ke ɗaure a wurin, ya ɗago suka haɗa ido da tela.

"Lafiya dai?" tela ya tambaya.

"Lafiya, Yaya."

Ya sake dannawa, ya sake, ana ta dariya, kafin babur ya kama.

Bayan kwana biyu ƙanwar ta zo shago. Ta gaishe shi, ta zauna kan benci tana wasa da bakin mayafinta.

"Yaya, don Allah ka ba ni ƙarfen. Ya zaga kasuwa bai sami irinsa ba. Masu kawo gyara sun fara cewa wanda ya kasa gyara nasa, ina zai iya na wani."

"Ke kin san ya ɗauke min tawa?"

Can ta ce, "Cewa ya yi aro ne, zai mayar."

Tela ya ci gaba da taka keke har ya kai ƙarshen hannun rigar, ya yanke zare da haƙori.

"Ki gaida yara," ya ce.

Da yamma mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo layin da kurarsa. Tela ya shiga ɗaki ya jawo ƙarfen daga ƙarƙashin gado, ya jefa masa a kura. Mutumin ya ɗauko sikeli zai auna, tela ya ce ya bar shi, kyauta ce.