Hasumiyar Sjoerd Ba Ta Sauko Ba

"Sjoerd! Buɗe mana!" Wietske ta sake buga ƙofar maƙwabcinta.

Hantsi ya yi, amma hasumiyar ƙarfe ta eriyar rediyon tsohon na nan a miƙe bayan gida. Ƙungiyar unguwa ce ta gindaya masa sharaɗi: ya ɗaga ta da yamma ya sha hira ta rediyo da abokansa na nesa, gari na wayewa ya sauke ta ƙasa da rufin gida, wai tana ɓata wa layi kyau. Da hannu yake murza ta, ga ciwon zuciya. Kullum Wietske na dafa kofi sai ta ji kukan ƙarfen, ta san ya kwana lafiya. Yau shiru.

Sai ga Haitsma a kan keke, shugaban ƙungiyar, mutumin da ko ciyawar ƙofar gidanka sai ya auna ta da ido.

"Kin gani ko, maƙwabciya? An yi masa sassauci, raini ya shigo."

"Wane raini? Ko zazzaɓi yake yi sai ya sauke ta, don tsoron bakinka! Matsa."

Ta zaro makulli daga ƙarƙashin tukunyar fure. Ta kasa zura shi, sai Haitsma ne ya buɗe.

A ɗakin baya suka ji murya, har ta yi ajiyar zuciya. Ashe rediyo ce.

"Sjoerd, Bjarne ne daga Bergen. Tsohon banza, ka ce za mu gaisa kafin ka sauke abar nan. Barci kake?"

Kujera wayam. Ga burodi da cuku an gutsura sau ɗaya, ƙofar lambu kuma a buɗe.

"Je ka duba," ta ce. "Ni tsoro nake ji."

"A'a, mu je tare," in ji shi.

Yana kwance a gindin hasumiyar, silifa ɗaya a ƙafa, hannunsa dab da mamurɗin da yake sauke ta da shi. Ta taɓa kuncinsa, sanyi ƙalau. Ta durƙushe a jiƙaƙƙiyar ciyawa tana kiran sunansa.

Haitsma ya cire hula. Ya kai hannu kan mamurɗin, ya daɗe a haka, sannan ya janye, ya bar hasumiyar a miƙe.

Wani hankaka ya sauka can saman ƙarfen. A cikin ɗaki, Bjarne na ta kira.