Hoton Masu Haƙa Dutse

"Wannan ne ni," in ji Abahag, ya ɗora yatsa a kan hoton.

Bajlud ya sunkuya ya duba. Shi ya ciro hoton daga bango ya kawo wa tsohon har shimfiɗa. Katanga ce kawai ta raba gidajensu a In Amgel, kuma tun da ciwon daji ya kama huhun Abahag, shi ke kai shi asibitin Tamanrasset a motarsa ta ɗaukar kaya. A hoton maza ne jere a bakin rami, a gindin dutsen In Ekker, da diga da shebur, sai wani Bature mai gajeren wando a ƙarshen layi. Fuskar Baturen kaɗai ake gani. Sauran duk sun ja amawalin rawaninsu har ƙasan ido, inuwa kuma ta cinye ɗan abin da ya rage.

Malama Zuhura na zaune a bakin tabarma. Daga wata ƙungiya ta zo, mai taimakon waɗanda suka yi wa Faransawa aiki lokacin gwajin bam ɗin nukiliya su nemi diyya. Ta riga ta yi bayani: takardar likita ta samu, ciwon ma yana cikin waɗanda ake karɓa. Saura shaidar cewa ya yi aiki a dutsen. Ƙarfen lambar da aka rataya masa a wuya ya bi ambaliya tun tuni, abokan aikinsa kuwa duk ƙasa ta rufe musu ido. In aka ƙi hoton, shi ke nan, Tekna matarsa za ta zauna hannu rabbana, ga shi 'ya'yansu sun riga su gidan gaskiya.

Tekna ta shigo da butar shayi. Ta tambayi Bajlud wanne mijinta ya nuna, ya ce na daman babanta Ahamuk, wanda kowa ya gane da takobinsa.

"Wannan ai Intalla ne mai gwame," in ji ta, ta juya ga Abahag. "Kai ne na hagu. Dubi kafaɗar, kamar an ɗora wa raƙumi kaya a karkace."

"Tsohuwa, ni ne ban san kaina ba?"

"Ka taɓa ganin kanka a tsaye? Ni ce na yi ta leƙenka ta bayan tanti."

Abahag ya fara dariya, tari ya ƙwace ta. Bajlud ya tallafe shi har ya lafa. Da ya ɗago sai ya ga Malama Zuhura ta ajiye biro.

Ta tambaya a hankali, me ya hana ko mutum ɗaya ya sauke amawali. Abahag ya ce Baturen ya yi ta ihu, tafinta ya yi ta roƙo, ba wanda ya motsa. "Uban wadda nake nema yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ni, 'yata. In buɗe masa bakina? Ƙara ja na yi sama." Ya ce amawalin nan shi suka dogara da shi ranar da bam ɗin da aka tayar a cikin ramin ya tsaga dutsen, baƙin hayaƙi ya taso ya bi ta kansu. Turawa suka shige motoci da abin rufe hanci, su kuma suka ƙara ɗaure rawani, suka zauna har ya wuce.

Can sai tsohon ya kai hannu fuskarsa.

Bajlud ya girma a gaban mutumin nan, ya yi aure, ya yi furfura, bai taɓa ganin bakinsa ba. Ko shayi ta ƙarƙashin amawali yake kai kofi. Yanzu ga shi ya sauke shi har haɓa a gaban baƙuwa. Bajlud ya kau da kai, ya zuba wa bango ido.

"Ɗauka," in ji Abahag. "Su gwada."

Malama Zuhura ta ɗauke shi hoto da waya. Ta ɗauki tsohon hoton ma, ta yi ta buɗa shi da yatsu biyu, na dama, na hagu, har fuskokin suka koma ɗige-ɗige kamar yashi. Ta ce za ta aika duk da haka, amma ba ta yi musu alkawari ba. A ƙofar gida Bajlud ya ce mata shi zai rantse da Alƙur'ani a gaban ko wane ne. Ta tambaye shi shekarar da aka haife shi. Ya faɗa. Ta ce a lokacin ai an daɗe da rufe ramin.

Amsa ba ta zo ba. Abahag ya daina cin burodin da Tekna ke gasa masa a toka, ya koma madara, daga baya madarar ma ta gagara. Duk shigowar Bajlud sai ya tambaya da ido, Bajlud ya ce hanya ce da nisa, Baba. Wata Talata da hantsi, Bajlud na ƙarƙashin motarsa yana ɗaure ƙusa, ya ji Tekna ta kira sunansa ta kan katanga, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Da ya shiga ya tarar ta riga ta mayar wa Abahag da amawalin har ƙasan ido.

Bayan an share makoki Malama Zuhura ta dawo. Ta ce matar mamaci na iya ci gaba da nema, sai dai an dawo da hoton, an ce a sa alama a kan mutum ɗaya.

Tekna ta karɓi biro, ta riƙe shi kamar tsinke. Ta matso da hoton kusa da idonta, ta daɗe.

"Inna, ko in riƙe miki?" in ji Bajlud.

Ta girgiza kai. Ta ja wata karkatacciyar da'ira a kan na dama, mai gwame.

"Tunda shi ya ce," in ji ta.

Malama Zuhura ta miƙa hannu za ta karɓa, amma Tekna ba ta saki ba tukuna. A murhu shayi na tafasa yana zuba a kan gawayi, babban yatsanta na kan kafaɗar na hagu.