Fim ɗin da Barsum Ya Kawo

Mufida ta sake tsayar da fim ɗin, ta jawo kujera har hancinta ya kusa taɓa talabijin.

"Ɗaga labulen nan, Nargis, in ga wuyan hannun ɗan wasan nan."

"Haba Yaya, ki bar mu mu kalla mana," in ji Nargis, ƙanwar marigayi mijinta, tana fifita da kwali. "Bawan Allah yana kuka, ke kina binciken hannu."

"Kuka kowa ya iya. Gicciye nake nema."

Gicciyen kuwa yana nan, ɗan shuɗin zane a wuyan hannun dama, irin wanda 'yan cocinsu ke yi wa yaro tun yana goye. Mufida ta taɓe baki, ta ce ai da biro ma ana zana shi.

A cocinsu na unguwar Shubra ba a nuna wa iyalai fim ranar Juma'a sai ya bi ta idon Mufida, kuma idon nan ba ya barci. Ta taɓa hana wani saboda siket ɗin wata bai rufe gwiwa ba. Fim ɗin shahidai kam, ko za a yi gunduwa-gunduwa da mutum, cewa take yara su kalla su yi ƙwari. Amma na yau daban ne. Abuna Salib, limamin cocin, da hannunsa ya miƙa mata bayan addu'ar safe, yana wani murmushi da bai yi mata ba.

"Barsum ne ya rubuta shi," ya ce. "Ya yi min alkawari in aka nuna zai zo, shi da iyalinsa."

Barsum ɗanta ne, shi kaɗai Allah ya ba ta. Tun da ya auri Rimonda, 'yar cocin Injili, mutanen da ba azumi ba hoton waliyyai a bango, ya ɗauke ƙafa daga coci, daga baya ya ɗauke ta daga gida. Jikokinta a waya take ganinsu. Tana son ta ɗora su a cinya kamar ta yi hauka, amma fa ba a yi mata wayo. Mutumin da ya shekara da shekaru bai leƙo ba, rana tsaka ya aiko da fim? Akwai lauje cikin naɗi. Ta tabbata dangin matar ne suka cusa koyarwarsu a ciki, suna so su shigo da ita ta hannunta.

Don haka ta bi shi da ƙwaƙƙwafi. Ta duba bangon ɗakin da ke cikin fim ɗin, ga hoton Budurwa Maryamu da ɗan kyandir a gabansa. Ta lura da yadda suke alamar gicciye, daga kafaɗar hagu zuwa dama, babu kuskure. Da aka zauna cin abinci ta tsayar, ta leƙa kwano ɗaya bayan ɗaya, tunda labarin cikin azumi yake. Wake ne da burodi, ba nama, ba ƙwai. Rashin samun laifin ya fi samunsa ɓata mata rai.

Sai uwar cikin fim ta fito. Baƙar riga, tabarau mai sarƙa, da wata tsohuwar jaka maƙale a hammata. Ta tsaya a ƙofar coci, ɗanta na tsaye cikin layin yara masu hidima, sanye da farar rigarsu.

"Hura min," in ji uwar.

Yaron ya hura mata numfashi. Ta shinshina.

"Cuku ka ci. A cikin azumin Uwarmu Maryamu."

Nan a gaban jama'a ta tuɓe masa farar rigar, ta ninke ta, ta tura a jaka. Yaron ya tsaya da singileti, sauran suka shige da waƙa suka bar shi.

Nargis ta daina fifita. Ta kalli talabijin, ta kalli ƙusar da ke bayan ƙofa, inda jakar Mufida ke rataye.

"Yaya, wannan jakar ai..."

"Na tambaye ki?"

"A'a. Na dai ga wanzami ba ya son jarfa."

Kunya ce ta rufe Mufida, kunya mai zafi, har kunnuwanta. Rabin tsofaffin cocin suna wurin ranar da ta yi wa Barsum haka, kuma tsofaffin Shubra ba sa mantuwa. In aka nuna wannan, babu wanda zai kalli bangon da ake haska fim, duk juyowa za su yi su kalle ta. In kuma ta hana, Barsum ba zai zo ba, ta san halin kayanta.

Ta bar fim ɗin ya tafi ba tsayarwa. Yaron ya girma, ya bar gida, ya sha wuyar duniya, ya yi addu'a a wani ɗakin haya, daga ƙarshe ya kamo hanyar gida. Ko da ya iso, akwatin gawar uwar ya tarar a gaban bagade. Nargis ta yi ta sharɓe hanci. Mufida ta ɗauki waya.

"Mama? Lafiya?"

"Kashe ni ka yi, Barsum."

"Mama, fim ne fa."

"Fim ne da jakata? Rimonda ce ta ba ka shawarar akwatin, ko kai ka yi wa kanka?"

"Ki bar Rimonda, ita ce ma ta ce kada in sa wurin rigar." Ya ja numfashi. "Kuma ba haka na tsara ƙarshen ba. A nawa, ya dawo ya same ta a kicin tana yankan lalo. Matar da ta fito a uwar ce ta samu bizar Kanada muna tsakiyar aiki, ta tafi ko sallama babu. Muka rasa yadda za mu yi, sai muka aro akwati."

Mufida ta juya maganar ta kowane gefe tana neman ƙarya. Kanada dai ta kwashe rabin unguwa, wannan ba abin musu ba ne.

"To da ya same ta a kicin ɗin, me ta ce masa?"

Tana jiyo ƙarar motoci ta bayansa.

"Ban rubuta wurin ba, Mama. Na yi ta gwadawa. Ban san me za ta ce ba."

Ta cire tabarau, ta bar shi yana lilo a ƙirjinta.

"Abuna yana jiran amsarki," in ji shi a hankali. "Ya dace da iyalai, ko bai dace ba?"

"Ba a waya ake wannan maganar ba. Ka zo gida da yamma."

"Da yaran?"

"Da yaran." Ta mayar da tabaraunta. "Da uwarsu."

Ta kashe wayar tun bai amsa ba. Nargis ta sauka kasuwa da saurinta, ta dawo da damin lalo, ta same ta a kicin ta riga ta ɗaura zane a ƙugu.

"To Yaya, in ya shigo me za ki ce masa?"

"Ni ma ban sani ba," in ji Mufida. "Miƙo min wuƙar."