Motar Bunu a Bakin Randa

"Ta sake mutuwa," in ji Bunu. "Inuwa, zo ka taɓa gindinta ka ji."

Na miƙa hannu na taɓa kwamfutar da ke kan cinyarsa, na janye da sauri. Kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Allon ya yi baƙi ƙirin, ba abin da ake gani a ciki sai fuskokinmu, tsofaffi biyu a zaure.

"Saura kaɗan fa na shiga gari," ya ce. "Har na hango fitilun wurin sauke kaya."

Bunu maƙwabcina ne a nan Hadejia, katanga ɗaya ta raba mu. Babarbare ne, direban babbar mota, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar bandar kifi daga bakin tafkin Chadi. Wata rana yana kan sitiyari tsakanin Gashuwa da Nguru ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya sa ya samu ya taka birki. Wani direba ne ya ƙarasa da kayan. Ciwon bai dame shi kamar wannan ba. Kullum sai ya ce kaya ɗaya ne a duniya aka damƙa masa bai kai ba.

Matarsa ta riga ta rasu. 'Yarsa Zulaihat, malamar makaranta, ita ke leƙo shi da safe da kuma bayan la'asar. Ita ta kawo masa tsohuwar kwamfutar mijinta, irin wadda ake naɗewa, da gem ɗin tuƙin tirela a ciki, aka jona ta da 'yar solar da ke kan rufi. Da hannun dama kaɗai yake tuƙi. Ya zaɓi tafiya mafi nisa, ta cikin wata ƙasa mai duwatsu da ƙanƙara. In kwamfutar ta yi zafi sai ta ɗauke, motar ta koma inda ta taso, kaya na nan a bayanta.

Ni karatuna na boko bai wuce firamare ba, amma Allah ya yi ni da son abin mamaki. Ina da gwangwani da nake tara irin waɗannan abubuwa, har da zoben ƙarfe da na cire daga ƙafar wani mataccen tsuntsu a dausayin Baturiya, da rubutun Turawa a jiki. Da na ga ƙanƙara tana zuba a allon nan, sai raina ya ba ni ƙasar tsuntsun ke nan. Shi ya sa nake yini a zauren.

Bazarar ta zo da mugun zafi. Kogi ya janye ya bar laka tana tsagewa. Hadari sai ya haɗu ta gabas ya watse ba ko ɗigo. Shamuwa ba ta iso ba. Ƙadangaru suna manne da katanga, bakinsu a buɗe.

Ni na kai kwamfutar kasuwa wurin Mustapha mai gyara. Ya kwance bayanta, ya zaro wani curin ƙura daga cikin 'yar fankarta, ya dunƙule kamar audugar rimi. Na roƙe shi ya ba ni, na sa a aljihu don gwangwanina. Ya kankare wani busasshen abu daga kan zuciyar injin, ya shafa sabo, mai kama da man goge baki amma ruwan toka.

"Baba, tsohuwa ce, ba don gem aka yi ta ba," ya ce. "Ta ƙasa take shaƙar iska. A daina ɗora ta a cinya ko katifa. A ɗaga ta, a sa mata iska. Ruwa kuma kada ya taɓa ta."

Muka ɗora ta a kan kujerar tsugunno, muka tokare kusurwoyinta da murfin lemo. Motar ta ƙara nisa kafin kwamfutar ta ɗauke. Amma rana na take tsaka sai fankar cikinta ta fara kuka kamar jinjiri, allon ya riƙa sarƙewa, ta ɗauke.

Akwai fanka mai caji da Zulaihat ta saya masa saboda hawan jini. Ran nan ta shigo ta tarar ya juya ta tana hura kwamfuta, shi kuma riga ta manne masa a baya.

"Haba Baba! Likita cewa ya yi kai ka zauna cikin iska, ka yi ta shan ruwa. Wa ya ce ƙarfe?"

"Ke ba ki san hanya ba," ya ce. "Mota ake fara ba ruwa, sannan direba. Je ki tasha ki tambaya. Yaron motar da ya sha kafin ya cika lagireto, ranar ya bar aiki."

"Baba Inuwa, ka yi masa magana mana."

"Wannan?" in ji Bunu. "Jikan Fulani ne, bawana. Bawa yana yi wa ubangidansa faɗa?"

Na ce, "Babarbare, da kifi aka saye kakanka, kifin ma ragowa."

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juya fankar ta fuskance shi. Ko bakin titi ba ta kai ba ya mayar.

Dabarar randa shi ya kawo ta. Akwai tsohuwar randa a kusurwar zauren, an kafa ta cikin yashi mai laima, ruwanta har haƙori yake kamawa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a jawo kujerarsa kusa. Aka gitta kara biyu a bakinta, aka ɗora kwamfutar a kai, ramukan da take shaƙar iska suna kallon ruwa. Fankar kuma tana hura ta daga gefe.

Abin ya yi. Kukan ya lafa. Motar ta hau duwatsun da take mutuwa a kansu ta gangara, ta shiga wani daji mai dogayen itatuwa da ba mu taɓa gani ba. Sai dai yanzu in ana son ruwa, dole a ɗaga kwamfutar, a zare karan. Mai hannu ɗaya ba zai iya ba. Ko ni na ce zan ɗebo masa sai ya ce, "Ba a buɗe lagireto mota tana tafiya." Na kawo masa daga gidana a kwanon sha, ya kurɓa sau ɗaya ya ture, wai yana raba masa hankali.

Ranar ƙarshe iska ba ta motsa ba tun asuba. Kwanon rufi yana ƙas-ƙas. Da hantsi ya tayar da motar, ya ce yau kam sai an sauke. Na zauna a gefensa ina kallon ƙanƙara. Can na waiga, sai na ga wani abu da ya ba ni mamaki: ni gumi yana ɗiga daga gemuna, shi goshinsa a bushe ƙamas, yana sheƙi.

"Bunu, ba ka gumi."

"Ina zan yi gumi? Kai ba ka ga inda nake ba?" Ya nuna allon da haɓa. "Sanyi nake ji ma."

Muryarsa ta yi nauyi. Ya kira ni da sunan wani yaron motarsa da ya daɗe da mutuwa, ya ce in duba masa taya ta baya. Da aka kira azahar na ce ya tsaya ya sha ruwa mu yi salla.

"Matafiyi ne ni, zan haɗa da la'asar. Je ka. Direba ba ya son surutu in ya kusa gari."

Na tafi masallaci. A hanyar dawowa na biya ta makarantar su Zulaihat na ce ta zo, jikin babanta bai yi mini ba. Tare muka shiga zauren.

Yana zaune yadda na bar shi, kansa ya karkata ya jingina da bango, idanunsa a kan allon. Hannunsa ya zame daga madannai ya sauka a kafaɗar randa. Zulaihat ta kira shi, ta girgiza shi, ta kara kunne a ƙirjinsa. Sai ta yi salati a hankali, ta shafe masa ido. Jikinsa har lokacin zafi rau.

Ni kuwa allon nake kallo. Motar tana tsaye cikin wani fili mai shinge, an yi mata fakin daidai tsakanin layuka biyu, sigina tana ƙyaftawa. Wani rubutu ya fito a tsakiya.

"Me suka ce?" na tambaye ta.

Ta share ido da gefen hijabi ta duba. "Wai ya iso. Ya danna nan a sauke kaya."

Na miƙa yatsa, sai na tuna direban nan da ya ƙarasa masa kaya a hanyar Nguru, na janye. Zulaihat ta dube ni. Ta ɗago hannun babanta na dama daga jikin randar, ta kama ɗan alinsa, ta ɗora a kan madannin ta danna. Sannan ta miƙar masa da hannun a gefensa, ta fita kiran mutane.

Kafin su iso na ɗaga kwamfutar don a samu ruwa. Gindinta sanyi ƙalau. Na ajiye ta a kan tabarma, na zare karan. Randar cike take har wuya, moɗa tana rataye a ƙusa a bushe. Cajin fankar ya kusa ƙarewa, tana juyawa a hankali. A allon, kan motar yana tsaye shi kaɗai ba kaya a bayansa, ƙanƙara tana sauka a kan gilashinsa.